Da Hakeem Ya Kara Da Jordan, Wa Zai Ɗauki Kofi?

In ana hirar ƙwallon kwando na Amurka, akan ce Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, bai ci kofin NBA a 1994 da 1995 ba sai don Michael Jordan ya bar wasa. Wai sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Gaskiya ne Jordan ya ci kofi 6, Hakeem kuwa 2, kuma ƙungiyoyinsu ba su taɓa karawa a zagayen ƙarshe ba. Mun yarda a 1994 Jordan ba ya nan. Amma ya komo fili cikin Maris 1995, Orlando ta fitar da ƙungiyarsa Chicago. Wannan Orlando ɗin ce Houston ta Hakeem ta lallasa sau 4 a jere.

A ganinmu, da sun haɗu a shekarar, Houston ce za ta yi nasara, 4 da 2, domin Chicago ba ta da dogon da zai tare Hakeem a gindin kwando. Jordan ya fi yawan kofuna, amma 1995 ta Hakeem ce. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa.