Wa Ya Ba Kamfanonin Jiragen Sama Lasisin Raina Mu?

Jama'a, yau ba rikicin kujera zan taɓo ba. Maganar filin jirgi ce, kuma na san da yawanku abin ya taɓa cin ku.

Kwanakin baya na raka gwaggota filin jirgin Malam Aminu Kano. Tikitinta ya nuna ƙarfe bakwai na safe zuwa Abuja, daga can kuma za ta hau wani jirgin da rana zuwa Alƙahira ganin likita. Ana idar da sallar asuba muka kama hanya. Da muka isa kanta, yarinyar da ke wurin ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ai an mayar da jirgin ƙarfe shida na yamma. Na ce tun yaushe? Ta ce tun shekaranjiya. Na duba waya, babu kira, babu saƙon tes, babu imel. Tsohuwa ta zauna a kan akwatinta tana salati. Jirgin Alƙahira ya tashi babu ita, kuɗin sauya wancan tikitin kuma daga aljihunmu ya fita.

To ku duba rainin wayon. Kai fasinja, ka makara da minti goma, an rufe kanta, sai ka biya tara. Ka nemi sauya rana, sai ka biya ciko. Amma kamfani zai ɗaga tafiyarka da awa goma sha ɗaya, ya sani tun kwana biyu, ya yi gum da bakinsa. Wannan wace irin yarjejeniya ce da take ɗaure mutum ɗaya ta saki ɗaya?

Za su ce hazo ne. E, mun yarda, a Disamba da Janairu hazon hunturu yakan hana jirgi sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma babu mai hankalin da zai ce a tashi da mutane cikin haɗari. Amma hazo ba ya hana tura saƙo. Kuma sau nawa sararin sama ke tas amma a ɗaga tafiya? Abin da ke faruwa shi ne jiragen kamfani kaɗan ne, ya sayar da tikitin tafiye-tafiyen da suka fi ƙarfinsa. Jirgi ɗaya ya samu matsala a Legas, jadawalin yini gaba ɗaya ya rushe. Wani lokacin kuma jirgin safe bai cika ba, sai a haɗe shi da na yamma don a tsira da kuɗin mai. Ribar tasu ce, asarar tamu.

Abin haushin, doka tana nan. Kashi na 19 na dokokin hukumar NCAA na 2023 ya tanadi haƙƙin fasinja dalla-dalla. A tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu, a ba ka abin taɓawa. Idan ya kai awa uku, kana da ikon cewa ka fasa, a maido maka da kuɗinka. Idan aka soke tafiya ba a sanar da kai awa 24 kafin lokaci ba, akwai diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti. Wanda ya biya ta banki, kwana 14 aka ba kamfani ya maido masa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinku wa ya taɓa karɓar wannan diyya?

Hukumar da kanta ta faɗa a ƙarshen 2024 cewa tafiye-tafiye 190 aka soke a Satumba da Oktoba kaɗai, kusan rabin jiragen cikin gida kuma ba su tashi a kan lokaci ba. A Turai, tun dokar 2004, kamfanin da ya soke maka tafiya ba tare da sanarwar mako biyu ba yana iya biyan ka Yuro 250 zuwa 600. A Amurka, tun 2024, idan aka sauya maka lokaci da fiye da awa uku a cikin gida kuma ka ƙi amincewa, dole a maido maka da kuɗinka ko ba ka roƙa ba. Su ma kamfanoninsu ba waliyyai ba ne, tsoron tara ke sa su ladabi.

Wani zai ce wannan matsalar masu kuɗi ce, ina ruwan talaka da jirgi? Haba malam! Me ya kori mutane daga mota? Kun manta yadda hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama? Kun manta harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022? Mara lafiya, ɗalibi mai jarrabawa, ɗan kasuwar Kwari, mai tafiya Umara, da yawansu bashi suka ci suka sayi tikiti don su isa da ransu.

Saboda haka muna kira ga Minista Festus Keyamo da NCAA: a tilasta wa kowane kamfani sanar da fasinja ta tes da kira duk lokacin da aka taɓa jadawali, a riƙa biyan diyya kai tsaye, a kuma wallafa sunan duk wanda aka ci tara da adadin kuɗin. 'Yan majalisarmu kuma, har da waɗanda muka sha rana muka zaɓa, ku da ake buɗe wa ɗakin manyan baƙi, ku leƙo inda muke zaune a ƙasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu ma da namu. Idan ejan ne ya saya maka tikiti, ka tabbata lambarka ya sa, don da yawa tasu suke sawa, saƙo ya tsaya a wurinsu. Ka duba lokacin tashi kwana ɗaya kafin tafiya. Idan aka cuce ka, kada ka tsaya zagin yarinyar kanta, ita ma aiko ta aka yi. Ajiye tikitinka, ɗauki hoton allo, nemi jami'in kare haƙƙin fasinja na NCAA a filin, ka rubuta ƙorafi, ka kai wa FCCPC ma.

Gwaggota ta ce a bar su da Allah. Na ce Gwaggo, mun bar su da Allah, amma takardar ƙorafi ma na shigar.