Sankara: Shin ɗigon jini zai iya tona asirin cutar tun kafin ta yi ƙarfi?

A cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, mata da yawa ba sa nufar Asibitin Murtala sai ƙullutun da ke mama ya girma, bayan an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. A lokacin kuwa sau da yawa cutar ta riga ta bazu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mutum sama da 127,000 ne suka kamu da sankara a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu.

Shi ya sa masana ke neman gwajin da zai gano cutar da wuri. Hankalinsu ya karkata ga microRNA, wasu ƙananan sinadaran gado da ke daidaita aikin ƙwayoyin jiki. Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka ne suka gano su a jikin wata tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024. Idan sankara ta kama mutum, yawan wasu daga cikinsu, kamar miR-21, yakan ƙaru a jini.

Matsalar ita ce ba su da yawa, ganinsu sai da dabara. Don haka ake haɗa wata ƙura mai walƙiya, wadda ido ba ya gani, da guntun DNA da ya dace da sinadarin da ake nema, kamar mukulli da kwaɗo. Da zarar sun haɗu, sai ƙurar ta yi haske a ƙarƙashin na'ura. Ƙarfin hasken shi ke nuna yawan sinadarin.

Sai dai da sauran rina a kaba. Galibin irin waɗannan gwaje-gwaje ba su fita daga ɗakunan bincike ba. Kuma miR-21 yakan ƙaru a ciwon zuciya ma, saboda haka dole likita ya ɗebi tsoka ya tabbatar.

Kano tana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Jami'ar Bayero, da cibiyar sankara ta Giginyu da aka ƙaddamar a 2023. Ya kamata su shiga binciken, domin a gwada fasahar da jinin mutanenmu, a kuma san kuɗinta.

Kafin nan, duk wadda ta ji ƙullutu, ta garzaya asibiti yau, kada ta jira gobe.