Zuwa Ikko Da Ɗan Guzuri: Inda Ake Tsimi Da Inda Ba A Yi

Da an ɗaure gero an kai rumbu, ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu sai su fara ragewa da samari. Wasu Kano suke nufa, wasu Abuja, amma hirar majalisa a kan Legas take ƙarewa, garin da iyayenmu ke kira Ikko. Akasarinsu ci-rani ke kai su. A 'yan shekarun nan kuma akwai wasu matafiyan dabam: ɗalibin da ya gama karatu yana son ya ga teku kafin hidimar duniya ta riƙe shi, ƙaramin ɗan kasuwa da ya gaji da tura kuɗi ta waya yana son ya ga Balogun da Alaba da idonsa, dattijuwar da za ta je ganin jika a Agege. Tambayarsu ɗaya ce: mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuwa ya dawo ba tare da ya sayar da tunkiyarsa ko ya ci bashi ba? Zai iya, kuma ina goyon bayan ya je. Damuwata ita ce mutanenmu suna tsimi a inda bai kamata ba.

Hanyar doguwa ce. Daga Daura ka bi ta Kazaure da Ɗambatta ka faɗa Kano, sai Zariya, sai Kaduna. Daga nan ko dai a ratsa jihar Neja a bi ta Mokwa, a haye kogin Kwara a Jebba, a bi Ilori da Ogbomosho zuwa Badun, ko kuwa a bi ta Abuja da Lokoja da Okene. Kowacce aka ɗauka ta haura kilomita 1,000, wuni ne da kwana idan mota ba ta ba da matsala ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta taɓa 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Yanzu a duk lissafin tafiyar, hanya ce ke cinye kaso mafi tsoka, shi ya sa idon matashi ke komawa kan tirela.

Wanda ya taɓa tsayawa a karar Mai'aduwa ranar Lahadi da la'asar ya san abin da nake faɗa. An gama lodin shanu, an ɗaure ƙahoni, an gitta katakai a sama. Masu rakiyar dabbobin su hau, wannan aikinsu ne, su ke tayar da saniyar da ta kwanta kada 'yan'uwanta su tattake ta. Sai kuma ka ga wasu yaran, kowa da ɗan buhunsa da silifas, sun biya yaron mota abin da ya sawwaƙa, sun ɗare kan katako ƙafafu na reto a kan ƙaho. Haka za su kwana cikin sanyin hunturu, haka za su wuni cikin rana, idan an gangara kurmi ruwa ya dake su. Babu abin riƙewa sai ƙarfen gefe. Direba ya yi gyangyaɗi, ko birki ya shanye a gangare, ko taya ta faɗa rami tsakanin Mokwa da Jebba, to mutum da saniya da buhu a wuri ɗaya suke zubewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana jan kunne a kan haɗa mutane da kaya a tirela, kuma duk shekara sai mun ji an yi jana'izar mutane da yawa a gefen titi, nesa da danginsu.

Wani ɗan ƙanwata ya zo yi mini sallama, na tambaye shi motar da zai hau. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ta shanu ce, ta fi sauƙi." Na ce masa, "Ɗana, idan kuɗinka ba su kai na bas ba, lokacin tafiyarka ne bai yi ba. Ka ƙara wata ɗaya kana tarawa." Haka zan faɗa wa ɗan kowa. Ina kuma roƙon dagatai da limaman Juma'a na masarautar Daura su ɗauki wannan magana da muhimmanci, shugabannin 'yan mota da na kara su hana lodin fasinja a kan dabbobi tun daga inda ake tashi. Jami'in da ke kan hanya sai an riga an yi nisa yake ganinsu.

Akwai hanyar rage kuɗin mota da ba ta taɓa rai. Ka dubi inda jama'a suka karkata, ka bi akasinsa. Gab da Sallah kowa gida yake nufa, don haka motar da ke tahowa Arewa ce ke tsada. Bayan Sallah kuma mai gangarawa Kudu ce ke tsada. Ƙarshen Disamba a bar wa masu Kirsimeti. Mai ziyara ba shi da ranar da ta zame masa dole, sai ya zaɓi tsakiyar mako a watan da babu biki. Ya shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta suna da lambar wanda za a kira, ba a bakin titi ba. Ya kuma riƙe katin ɗan ƙasa da cikakken adireshin inda zai sauka. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da 'yan Jigawa 123 da babura 48, suka tsare su har sai da aka yi bincike ba a same su da laifi ba. Ba daidai ba ne a tuhumi ɗan ƙasa don ya shiga wani gari na ƙasarsa, tsarin mulki ya ba shi 'yancin yawo. Amma wanda ya sauka daga bas da kati a aljihu da sunan mai masauki a baki ya fi sauƙin wucewa.

Jirgin ƙasa shi ne ya kamata ya zama motar talaka. Dogo ya iso Kano tun 1911, kakanninmu sun sha hawa har tashar Iddo da ke Ikko. Yau tsohon layin sai ya yi aiki ya tsaya. Sabon layin Legas zuwa Badun an buɗe shi a Yunin 2021, ana kuma kan aikin na Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa ta Kazaure da Daura, amma tsakanin Badun da Abuja ba a haɗe ba tukuna. Kada wanda ke shirin tafiya bana ya sa shi a lissafi.

Inda Bahaushe ya fi kowa sa'a shi ne masauki. Baƙo daga wata ƙasa da ya zo Legas da ɗan kuɗi, otel ne zai fara karya shi. Mu kuwa an share mana hanya tun kafin a haife mu. A 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, wadda daga ita ake ƙirga asalin sojan Najeriya. Fataken goro da na shanu suka kafa zango a Agege da Shagamu, aka yanka Sabo a Badun a 1916, tsarin maigida da baƙonsa ya kafu: ka sauka a gidansa, ya ba ka wurin kwana, ya tsaya maka a ciniki. Har yau a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, da wuya ɗan Daura ya rasa wanda ya san mahaifinsa.

Sai dai a nan ma akwai tsimin da nake ƙi, wato a ɗora wa mai masauki nauyin tafiyar baki ɗaya. Ɗan'uwan da ke turo kuɗin taki duk damina, mu a gida mun ɗauka a wadace yake. Je ka ga ɗakin. Sau da yawa mutum biyar ne ko shida a ciki, kuɗin haya na shekara ake biya a dunƙule, ruwan wanka saye ake yi da jarka, wani ma a ɗakin gadi yake kwana ko a kan buhunan albasa a rumfa. Idan ka dira masa babu sanarwa, kunya ba za ta bar shi ya ce komai ba, amma cinikin satinsa ne zai tafi. Ka buga waya tun da wuri. Ka faɗi kwana nawa za ka yi, ka kuma cika alkawari. Ka riƙo masa abin da yake kewa wanda kuma yake tsada a can: gero, wake, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. In an tashi cefane ka sa hannu a aljihu. Kuɗin komawa kuwa ka ware su tun daga gida, ka bar su a asusu ko ka damƙa wa mai masauki ajiya ranar da ka isa, domin yawancin waɗanda suka maƙale a Legas kuɗin mota suka taɓa da niyyar za su mayar.

Abinci ba abin tsoro ba ne. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino a jaka sun isa hanya. A can kuma mai shayi namu ne, burodin Agege da wake suna riƙe ciki har la'asar, tuwo da miyar kuka ba su yanke ba a unguwannin da na ambata.

Cikin gari, abin da ke cin kuɗin baƙo shi ne rashin sanin hanya. Ka nemi katin Cowry, ka zuba masa kuɗi. Da shi ake hawa bas ɗin BRT, wadda ta fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, da shi kuma ake hawa jiragen ƙasa na gari. Jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Yaba ya dire a Oyingbo. Farashin a rubuce yake, babu kwandastan danfo da zai ji harshenka ya ƙara maka. Kada ka dogara da acaɓa: tun 1 ga Yunin 2022 aka hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da tsibirin Legas da Mainland, kuma kamen kan haɗa da fasinja. Motar da ba ta tasha ba, musamman da asuba ko bayan isha, a bar ta ta wuce, 'yan fashin da ake kira wan-cans a irinta suke farauta.

Akwai 'yan Daura da suka shekara goma a Legas, daga rumfa sai masallaci sai ɗaki, ba su taɓa taka tsibirin ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin wuni ɗaya da ƙafa ya isa, kuma kusan kyauta ne. Ka haye gadar Carter ka sauka Idumota. Ka yi azahar a babban masallacin da aka buɗe a 1988, ka leƙa masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda ke tsaye tun 1894. Ka bi Broad Street har filin Tafawa Ɓalewa, inda aka sauke tutar Ingila daren 1 ga Oktoban 1960. Gaba kaɗan a Onikan akwai gidan tarihi na ƙasa, kuɗin shigarsa kaɗan ne. A ciki aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Ramukan harsashi na nan a jikin ƙofa da gilashi. Mun saba ganin fuskarsa a naira ashirin, amma tsayawa a gaban motar wani abu ne dabam, kuma ban ga dalilin da ɗan Arewa zai je Legas ya dawo bai tsaya a wurin ba. Barikin Dodan ɗin kuwa, da ke gefen Obalende, daga nan marigayi Muhammadu Buhari ya mulki ƙasar nan daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, kafin a mayar da babban birni Abuja a 1991. Da yamma ka tsaya a Marina ka hango manyan jiragen ruwa a Apapa. Ta nan wasu daga cikin kayan da ke shagunan Daura suka shigo.

Saura teku, kuma a nan raina yake ɓaci. Da can akwai Bar Beach a tsibirin Victoria, mai kuɗi da talaka kowa ya je ya tsaya a bakin ruwa babu mai tambayarsa ko kwabo. An cike wurin da yashi, an gina Eko Atlantic a kai. Landmark ma, wanda na kuɗi ne, an rushe bakin ruwansa a Afrilun 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba. Abin da ya rage a ɓangaren Lekki kusan duk an kewaye shi: ka biya a ƙofa, ka biya kujera, wani wurin har abincin da ka shigo da shi sai an caje ka. Teku ba wanda ya haƙa shi. Birnin da ke kwance a gefensa ya kamata ya bar wa jama'a fili ko ɗaya mai tsabta da masu ceto, inda ɗan dako zai kai 'ya'yansa ranar hutu. Wannan haƙƙin talakan Legas ne kafin ya zama na baƙo.

Kafin a samu haka, mai ɗan guzuri ya ware kuɗin ƙofa tun farko, ya je a ranar aiki da hantsi, lokacin da babu cunkoso da kiɗa. Tarkwa Bay da kwalekwale ake zuwa, kuma kada a yarda a shiga wanda babu rigar ceto. Wanda ke da wuni guda na ƙari ya nufi Badagry, ya ga gidan bene na 1845 da bakin ruwan Gberefu inda aka riƙa loda bayi. A je mutum uku ko huɗu, ɗaya ya tsare takalma da wayoyi. Iyon da aka koya a dam ɗin Sabke ko a kududdufin bayan gari ba ya aiki a wannan ruwan, domin igiyar da ta dako gaɓa tana komawa da ƙarfi ta ƙarƙashi, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ruwa ya tsaya a idon sawu, kuma kada a juya masa baya don ɗaukar hoto.