Rumbunka Shi Ne Bankinka

'Yan'uwa manoma, kowace shekara abu ɗaya muke yi. Da kaka mukan kwashi gero da dawa da wake mu kai kasuwa, lokacin da kowa yake sayarwa, mudu ba daraja. In damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya zama wayam, sai mu koma wurin ɗan kasuwan nan mu sayi hatsinmu da tsada, wani lokaci ma bashi. To, wa muka yi wa noma?

A ganinmu tattalin kuɗin cefane daga rumbu yake farawa. Kafin ka sayar da ko tiya ɗaya, zauna da uwargida ku lissafta mudu nawa gidan yake ci a mako. Ku ninka sau 52, ku ware wannan. Abin da ya saura shi ne na kasuwa.

Wani zai ce, "Ai ƙwari za su cinye waken." Akwai dabara. Shanya shi ya bushe sarai. Zuba shi a buhun PICS mai riɓi uku, ka matse iska, ka ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaro ba ya rayuwa ba iska, ba sai an sa guba ba. In babu buhun, a cakuɗa waken da tankaɗaɗɗiyar toka.

Kuɗin makaranta da na biki fa? Don su ake kiwon akuya da kaji, ake zubin adashe. Sayar da akuya, ka bar hatsi. Tattali ba rowa ba ne.