Wa Ke Gadin Tarihin Daura a Wikipedia ta Hausa?

Ɗauki wayarka yanzu ka rubuta "Bayajidda" ko "rijiyar Kusugu" a Google. Cikin sakamakon farko da zai fito maka akwai Wikipedia. Ka je ka tambayi ChatGPT ko Meta AI ɗin nan da ke cikin WhatsApp, su ma Wikipedia na cikin manyan wuraren da suka sha karatu. Ke nan ɗalibin da ke Legas ko Yamai ko Kumasi, wanda bai taɓa taka Daura ba, abin da wani ɗan sa-kai ya rubuta da wayarsa cikin dare shi ne tarihinmu a wajensa. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu: su wa ke wannan rubutu, kuma wa ke duba aikinsu?

Ranar da aka goge min gyara

Na fara gyara a Wikipedia ta Hausa ne da zafin kai. Na ga wata muƙala da ta shafi tarihin Daura, na ga ta yi gajarta, sai na zauna na zuba mata labarin sarauniyoyin da suka gabaci Daurama kamar yadda kakata ta ba mu muna yara. Na kwanta ina jin na yi wa garinmu aiki. Da safe na tarar wani edita ya mayar da shafin yadda yake, ya bar gajeren dalili: babu madogara. Raina ya ɓaci. Mutumin da ƙila bai san hanyar Kusugu ba shi zai gyara wa ɗan Daura tarihin Daura? Na mayar da rubutuna, ya sake cirewa, sannan ya gayyace ni shafin tattaunawa.

A can ya yi min tambaya ɗaya da ta kashe min baki. Ya ce idan gobe wani ya zo da labarin tasa kakar, kuma ya saɓa wa na tawa, wanne za mu bari? Ban da amsa. Ranar na gane cewa ba Daura ya raina ba, yana kare shafin ne daga ranar da kowa zai zo da nasa.

Yadda gidan yake tafiya

Ga wanda bai sani ba, Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairun 2001. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da sabobin da shafin ke zaune a kansu, amma ba ita ke rubuta muƙalu ba, kuma ba ta da babban edita da ke cewa a sa wannan a cire wancan. Kowane harshe da tasa jama'ar da ke tafiyar da shi. Tamu tana ha.wikipedia.org, akwai kuma ƙungiyar editocin Hausa, Hausa Wikimedians User Group, da ke shirya horo da gasanni.

Kowace muƙala tana da fuska uku: shafin da kake karantawa, shafin tarihi mai nuna wa ya canza me da kuma yaushe, sai shafin tattaunawa inda ake musu. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan a Git: ba abin da ke ɓata, duk canji da sunan mai shi, kuma idan wani ya yi ɓarna ana iya komawa baya da latsawa ɗaya. Bambancin shi ne a GitHub sai mai rumbu ya amince aikinka zai shiga, a Wikipedia kuwa yana shiga nan take, daga baya a duba. Saboda haka duk ingancin shafin ya rataya ne a kan masu dubawar.

Akwai admin-admin masu ikon goge shafi, kulle shi ko dakatar da mai ɓarna, amma jama'ar editoci ce ke zaɓensu a fili. A ƙa'ida admin ba sarki ba ne, mai riƙe da makulli ne kawai. A Wikipedia ta Ingilishi har doka suka yi cewa kada mutum ya soke gyaran wasu fiye da sau 3 cikin awa 24 a shafi ɗaya, don kada musu ya koma kokawa.

Dokar madogara ba abokiyar gabarmu ba ce

Ƙorafin da na fi ji daga abokai shi ne wannan doka ta Turawa ce, alhali tarihinmu a baki yake, wajen makaɗan fada da dattawa. Ƙorafin na da ƙamshin gaskiya. Su kansu 'yan Wikimedia sun taɓa gwada karɓar shaidar baka, a wani aiki da Achal Prabhala ya jagoranta a Indiya da Afirka ta Kudu a 2011. Amma mu Daurawa bai kamata mu fake da wannan ba, domin an rubuta mu sosai. Akwai Girgam, kundin tarihin sarakunan Daura. H. R. Palmer ya buga labarin Bayajidda cikin Sudanese Memoirs a 1928. M. G. Smith ya yi littafi guda kan masarautar, The Affairs of Daura, a 1978. Abdullahi Smith kuma tun 1970 ya yi rubutu yana jan hankali cewa kada a ɗauki labarin Bayajidda a matsayin bayanin yadda ƙasashen Hausa suka kafu kai tsaye.

Dokar ba ta hana a ba da labarin baƙon da ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama aka haifi Bawo. Abin da take nema shi ne a ce "bisa ga tarihin baka na Daura kamar yadda wane ya rubuta", sannan a kawo abin da masana suka ce, masu yarda da masu ja. Wannan bai rage wa Daura daraja ba. Mai karatu ya fi amincewa da shafin da ya nuna masa inda ake saɓani a kan wanda ya cika shi da kirari.

Ga misalin da ya fi zafi. Wajajen 1805, lokacin jihadi, Malam Ishaku ya karɓe Daura daga hannun Sarkin Gwari Abdu, gidan sarautar Haɓe ya ci gaba da zama a wurare irin su Zango da Baure, har Turawan mulkin mallaka suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. Jikokin kowane ɓangare suna nan da ransu, kowa da yadda aka ba shi labarin a gida. Idan ba dokar madogara da ta rashin ɗaukar ɓangare, wannan shafi zai zama na wanda ya fi yawan data da ƙarfin hali. Haka ma shafin marigayi Muhammadu Buhari. Kowa ya tuna jita-jitar da ta cika wayoyi cewa ya rasu an sauya shi da wani daga Sudan, har sai da ya musanta da bakinsa a Poland a Disambar 2018. Wannan dokar ce ke hana irin wannan zance shiga a matsayin gaskiya, ita ce kuma ta sa da ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 aka yi jana'izarsa a Daura ranar 15, labarin ke shiga tare da shaidar kafafen da suka ruwaito shi.

Inda haɗarin yake

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙarancin masu dubawa, kuma wasu harsunan sun riga mu ɗanɗana kuɗarsa. A Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen Scots na ƙasar Sukotlan ya rubuta muƙalu sama da 20,000 a Wikipediar harshen. Ba da mugun nufi ya yi ba, yana ganin taimako yake, amma ya shafe shekaru yana yi ba wanda ya taka masa birki. A Wikipedia ta Kuroshiya kuma, wani bincike da Gidauniyar Wikimedia ta wallafa a 2021 ya nuna yadda wasu 'yan tsirarun admin suka kankane shafin kusan shekara goma, suna korar masu ja da su, suna karkatar da tarihin Yaƙin Duniya na Biyu.

Namu ciwon ya fi kama da na farko. Gasa abu ne mai kyau, ta kawo matasa da yawa, amma idan yawan muƙalu ne ma'aunin nasara, mutum zai kwaso muƙalar Ingilishi ya zuba wa injin fassara, ya wallafa ko karantawa bai yi ba. Na taɓa cin karo da jimlar da injin ya mayar da kalmar rijiya "da kyau", saboda a Ingilishi kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anonin biyu. Ka ga idan aka yi wa Kusugu haka ai an gama da mu. Abin bai tsaya nan ba: injinan fassara da na hira suna koyon Hausa ne daga irin waɗannan shafuka, sai gurɓatacciyar Hausar ta dawo mana ta wayoyinmu, wani ya sake kwasa ya wallafa. Wikipedia ta Ingilishi ta taƙaita amfani da fassarar inji tun 2016. Ra'ayina shi ne jama'armu su zauna su sa nasu ma'aunin, masu shirya gasa kuma su riƙa ba da maki ga wanda ya gyara tsohuwar muƙala kamar yadda suke ba wanda ya ƙirƙiri sabuwa.

Wani abokina ya ce mafita ita ce a miƙa shafukan Daura ga masarauta ta tantance. Ina ganin girman fada, kuma gudummawarta za ta yi amfani ƙwarai idan ta buɗe takardu da hotuna aka wallafa su inda kowa zai iya kafa hujja da su. Amma ranar da aka ba fada ikon amincewa da rubutu, gobe gidan gwamnati zai nemi nasa, jibi ɗan siyasa ya turo yaransa. Abin da kowa zai iya gyarawa a fili ya fi amana a kan abin da mutum ɗaya ke riƙe da shi, komai girmansa.

Abin da wayarka za ta iya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai kana da kwamfuta ba. Buɗe asusu, ka nemo shafukan da ka sani: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua, Sallar Gani, Hausa Bakwai. Danna alamar tauraro don su shiga jerin waɗanda kake bibiya, duk canjin da aka yi za ka gani. Kada ka fara da sabuwar muƙala. Gyara jimla ɗaya da ba ta yi kama da Hausa ba, ko ka sa madogara ɗaya inda babu. Idan an soke maka gyara, kada ka yi irin tawa, wuce shafin tattaunawa ka tambayi dalili. Idan ana zaɓen admin ko ana muhawara kan wata doka, shiga ka faɗi ra'ayinka, domin a nan ake yanke yadda shafin zai kasance.

Ɗaliban Kwalejin Yusuf Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da ke Daura su ne suka fi mu kusa da ɗakunan karatu. Mutum goma daga cikinsu, kowa ya riƙe shafi biyar yana leƙawa sau ɗaya a mako, sun isa su hana ɓarna kwana a shafukan masarautar nan.

Labarin kakata har yau bai shiga muƙalar ba yadda ta ba mu shi. Abin da ya shiga shi ne ɓangaren da na samo a littafi, da sunan littafin a ƙasansa. Sauran na naɗe shi a waya da muryarta, ina jiran ranar da wani mai bincike zai wallafa irinsa, mu samu abin kafa hujja.