Shirin Haihuwa Yana Gaba Da Shirin Suna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk gidan da ciki ya shiga wata takwas za ka tarar hidima ta kankama. Maigida yana zagaya kara yana tayin rago, mata sun fitar da anko, an jibge itacen wankan jego, dangi suna harhaɗa kayan barka. Wannan duka murna ce da kyautar Allah, ba mu ce a bari ba. Amma tambayi maigidan: idan naƙuda ta tashi da ƙarfe biyun dare, wace mota za ta ɗauki iyalinka, wane asibiti za ku nufa, nawa ka ajiye? Amsar ba ta wuce "Allah zai kawo sauƙi." Mun shirya wa rana ta bakwai, mun bar ta farko a hannun sa'a, alhali ba a kaiwa ta bakwai sai an tsallake ta farko.

Mu fara auna lamarin da ma'aunin fiƙihu. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muka tashi a cikinta, yankan suna mustahabbi ne, dabba ɗaya ta wadatar wa namiji ko mace, kuma wanda ba shi da hali babu laifi a kansa. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ma karhanta a mayar da ita walimar da ake gayyatar jama'a. Shi dai wannan malami, da ya zo lissafa ciyarwar da ta wajaba a kan miji, ya sanya ladan ungozoma a cikinta. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta ciyar da mai ciki har ta haihu ko da an sake ta, to ina ga wadda ke cikin ɗakinta? Wanda ya ci bashin rago, sannan aka nemi kuɗin allura a ɗakin haihuwa ya shiga kiran waya yana neman taimako, ya gabatar da mustahabbi a kan wajibi.

Abin da wannan sakaci yake jawo mana ba ƙarami ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 kimanin mata 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duk duniya. Masana lafiya suna danganta yawancinsa da jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun hakkin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata shi. Na farko da na biyu kuwa a zaurukanmu ake yin su.

Saboda haka muna ganin abubuwa huɗu ya kamata maigida ya kammala kafin wata na tara. Na farko, ya ba da izinin fita tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da sauran mutanen gida, cewa ko yana kasuwa ko yana tafiya, da zarar an ga alama a tafi. Bai halatta mace ta kwana tana zubar da jini ana jiran wayar miji ta shiga ba. Na biyu, ya ware kuɗi daban, ya faɗa wa matarsa inda suke. Na uku, ya yi magana da mai mota ko mai adaidaita sahu na unguwa wanda zai amsa kira da dare. Na huɗu, ya san rukunin jinin matarsa, ya nemi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini idan an buƙata, domin zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu.

Haka nan awo yana da muhimmanci har ƙarshe. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar zuwa sau takwas. Kowa a gida ya san alamomin da ba a kwana da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, raguwar motsin ɗa, da naƙudar da ta haura sa'o'i 12. Mai jijjiga a yi mata addu'a a cikin mota, kada a zaunar da ita ana hayaƙi da sunan iska, domin hawan jini ne ke kawo ta. Doguwar naƙuda kuwa, wanda ya taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da take bari a baya.

Mun san uzurorin da ake kawowa. Wani zai ce ba ya son namiji ya duba iyalinsa. Kishi abin yabo ne, kuma a nemi mace muddin akwai ta. Idan babu, malamai sun yi ittifaƙi cewa lalura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata. Wani zai ce ai wadda ta rasu wajen haihuwa ta yi shahada. Gaskiya ne, ya tabbata a hadisi, amma ladan nata ne, wanda ya hana ta magani kuma tambayarsa tana nan. Ita ma kunyar haihuwar fari, da take sa yarinya ta ɓoye ciwo har ta galabaice, ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba. Iyayen da 'ya ta dawo musu goyon ciki su sani amana ce ta dawo hannunsu.

Bayan an sauka lafiya, a ba jariri nonon farko, wato dakashi, kada a matse a zubar, domin shi ne garkuwarsa ta farko. A sassauta wa mai jego kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta. Likitoci a Zariya sun daɗe da nuna alaƙarsu da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Mu limamai ma akwai namu kason. Mu ne ake kira raɗin suna da asuba, mu ne kuma ake kira sallar jana'iza idan abin ya zo da ƙarar kwana. Ya dace mazan da ke sahu su ji wannan magana daga mimbari tun kafin ɗaya daga cikin kiran biyu ya zo, kuma kwamitin kowane masallaci ya san wa ke da mota a unguwa, wa zai iya ba da jini.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarkin Musulunci, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.