Filin Gudu Yana Nan Bakin Kanal

Kwanakin baya mun kai rangadi wata makarantar firamare a ƙasar Bebeji. Da muka duba littafin ayyuka sai muka ga wurin da aka rubuta motsa jiki fari fat, tun farkon zango ba a sa ko ɗigo ba. Muka tambayi babban malami dalili. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da fili, ba mu da kaya, kuma an yi gini a inda yara ke wasa da." Gaskiya ya faɗa, ba mu ga laifinsa ba. Amma da muka fito za mu tafi, ba mu yi tafiyar minti goma ba sai ga mu a kan wata hanya shimfiɗaɗɗiya, miƙaƙƙiya, tana bin gefen babbar magudanar ruwa, babu mota babu hayaniya. Muka ce a ranmu, lalle kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Abin da muke so mu faɗa wa malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ke nan a yau. Gudu ba ya bukatar filin wasa na siminti. Abin da yake bukata shi ne hanya mai kyau wadda aka auna, aka san ta, aka kuma nemi izinin masu ita. Irin waɗannan hanyoyi kuwa ƙasarmu ta kudancin Kano tana da su fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara da ruwa. Madatsar Tiga, wadda ke ƙasar Bebeji, an gina ta ne a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkinta ya kai murabba'in kilomita 178. Daga jikinta babbar magudana, wadda manoma ke kira kanal, ta ɗauki ruwa ta nufi Ruwan Kanya, daga can kuma ya rarrabu zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke lura da wannan aiki. To, waɗanda suka haƙa kanal sun bar hanya a gefensa domin ma'aikata su riƙa bi suna duba gyara. Tun da yake ruwa ba ya hawa tudu, hanyar da ke bin ruwa ita ma ba ta da hawa da gangara sosai. Ƙasa ce, ba kwalta ba, saboda haka tana da sauƙi ga ƙafar yaro ko da ba shi da takalmi mai tsada.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ga amfanin irin wannan hanya ba. A Ingila an haƙa magudanan jirage tun 1761, sa'ad da aka buɗe ta Bridgewater domin kai gawayin kwal birnin Manchester. A gefen kowace akwai 'yar hanya inda doki ke bi yana jan jirgi da igiya. Da jirgin ƙasa ya zo, dawakin suka huta, amma hanyoyin ba su mutu ba. Yau mutane ke gudu da tafiya da tuƙa keke a kansu, kuma tun 2012 wata hukuma mai suna Canal & River Trust ke kula da wajen mil 2,000 na waɗannan magudanai a Ingila da Wales. Har wa yau a can ne, a 2004, waɗansu 'yan mutane suka fara taruwa ran Asabar da safe a gandun Bushy Park na London suna gudun kilomita 5 kyauta. Wannan al'ada da ake kira parkrun ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Abin lura shi ne ba su gina kome ba. Hanyar da ke nan suka auna, suka sa rana.

Wani zai ce ai wannan sha'anin Turawa ne. To, mu dawo gida Afirka. Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren dogon zango na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 da 'yan kai, ba takalmi a ƙafarsa. Zakarun Kenya na garin Iten a kan jar hanyar ƙauye suke yawancin horonsu. Nan Nijeriya ma, 'yan Filato da suka yi suna wajen dogon gudu tsakanin duwatsu da gonaki suka tashi. Ba mu ce tudun Riruwai ya kai na Iten ba, don Iten ta kai wajen mita 2,400 bisa teku. Amma duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa su ne mafi tudu a jihar Kano, kuma yaron da ya saba hawansu yana da ƙarfin numfashin da ɗan birni ba zai samu da sauƙi ba.

Kowace ƙasa da abin da Allah ya hore mata. Bebeji tana da bakin kanal da kewayen Tiga. Kiru tana da burtali da hanyoyin da ke haɗa ƙauye da ƙauye tsakanin gonaki, waɗanda da rani suke bushe sarai. Tudun Wada da Doguwa suna maƙwabtaka da dajin Falgore, wanda da ake kira Kogin Kano. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi gandun daji, a shekarun 1960 kuma aka mai da shi wurin kare namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000.

Amma fa a nan tilas mu ja kunne. Ba mu yarda wani malami ya kai yara cikin dajin Falgore ba. Wajen 2015 zuwa 2017 dajin ya yi ƙaurin suna saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma ko da lafiya lau ne, gandu ne da doka ta tsare, ba a shiga sai da izini. Abin da muke nufi shi ne hanyoyin da ke wajen iyakarsa, kusa da gari, inda manoma ke kai da kawo. Haka kuma titin Jos da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa ba wurin gudu ba ne, domin manyan motoci ba su san ɗan makaranta ba.

Bakin kanal shi ma yana da nasa haɗari, kuma wanda ya ɓoye shi ya ci amana. Na farko, ruwan yana da zurfi da gudu, bangonsa kuma yana da santsi. Wanda ya zame ba lalle ne ya iya fita ba. Na biyu, tsargiya. Ƙwayar wannan cuta tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na ruwan daɗi, ta fito ta shiga fatar mai wanka ko mai iyo, daga baya yaro ya riƙa fitsarin jini. Yaron da ya gama gudu yana gumi, ba abin da zai so kamar ya faɗa ruwa. Malamin da bai hana wannan ba ya nemo lafiya da hannun dama ya zubar da hagu. Na uku, inda kacala ta yi duhu a bakin ruwa akwai macizai. Rigakafi ya fi magani.

To, yaya za a yi? Ga shawararmu.

Da fari malami ya bi hanyar da ƙafarsa, shi da wani ɗan gari, don da ɗan gari akan ci gari. Ya duba ramuka da gadoji da mashayar shanu da inda 'yan babur ke yawan bi. Sa'an nan ya auna. In yana da wayar hannu mai nuna nisa, madalla. In babu, keke ya isa: a ɗaura tsumma a jikin taya, a auna kewayenta da tef, a tura a riƙa ƙidaya juyi. Tayar babban keke kimanin mita 2 ce, watau juyi 500 ya ba da kilomita guda. Wannan aiki yaran aji biyar da shida za su yi shi da kansu, ya zama darasin lissafi, kana su zana taswirar hanyar ya zama darasin labarin ƙasa. A kafa dutse a shafa masa farar ƙasa a kowane rabin kilomita. Ƙananan yara kilomita guda ya ishe su, manya biyu ko uku, 'yan sakandare biyar.

Kafin ranar farko a je a gai da mai unguwa da dagaci, a sanar da hakimi, in bakin kanal ne a nemi yardar ma'aikatan hukumar ruwa. A gaya wa manoma, a kuma yi musu alkawarin ba wanda zai taka shuka. Lokaci mafi kyau shi ne bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Ranar da hazo ya yi kauri a fasa, da azumi kuma a sassauta. Malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙidaya yara wajen fita da wajen dawowa, a tanadi ruwan sha mai tsabta daga makaranta. 'Yan mata a ba su ranarsu da malamarsu, da hanya kusa da gari, da shigar da iyaye suka yarda da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kowace rana, kuma ba ta ware mace ba.

Ku kuma akawuna, naku aikin ba mai wuya ba ne. Ku buɗe littafi guda a ofishin ilmi na kowace ƙaramar hukuma, a rubuta kowace hanya da aka auna: inda ta fara, inda ta ƙare, nisanta, wanda ya ba da izini, da abin da ake tsoro a kanta. Malami yakan tashi, amma littafi yana nan, wanda ya gaje shi ba zai soma daga farko ba. In makarantu goma suka yi haka, a ƙarshen shekara sai a haɗa su tsere guda, bana a Tiga, baɗi a Kiru.

Mun san ba kowane yaro ne zai zama zakara ba, ba kuma shi muke nema ba. Muna neman yaro mai lafiya wanda ba ya gyangyaɗi a aji, wanda ya san ƙasarsu da tafin ƙafarsa, ya san inda ruwan da ke raya gonar ubansa ya fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada mu zauna jiran ranar da za a gina mana filin wasa, alhali yaran da ke hannunmu yau ba za su jira ba. Allah ya ba mu ikon yi, amin.